Bido na Huɗu

A Agadas ne Baba Nomau ya sa na kwance kayana kaf, na baje su bisa tabarma a tsakar gidan da mutanen Maraɗi ke sauka, sai ka ce mai gwanjo ranar kasuwa. Kwana uku muka yi daga Madarumfa kafin mu iso nan, ta Damagaram da Tanut, kuma duk tsawon hanyar bai ce mini uffan a kan lodina ba. Yakan dai dubi yadda bayan babur ɗina ya lotsa, ya girgiza kai, ya wuce gaba. Ashe jira yake kwalta ta kusa ƙarewa.

Baba Nomau mutumin Gabi ne, siriri, ya doshi sittin, maganarsa ba ta da yawa kuma ba ya maimaita ta. Ya fi shekara goma yana kai mutane mahaƙar zinariya da ke bayan iyakar Aljeriya bisa babur, ta hanyar da motoci ba su cika bi ba, don hanyar motocin tana da masu tare ta. Ni kuwa Lawali, ɗan kabu-kabu ne tsakanin Madarumfa da Maraɗi. Ɗan'uwana Shaibu ne ya kira ni daga mahaƙar, ya ce mai babur a can yana samu a wata guda abin da nake samu a rani ɗaya. Na ɗauka na san babur, tunda na taɓa ɗora buhu uku da rago da mai ragon na kai su Safo ba mu faɗi ba.

Ya tsuguna gaban tabarmar. Ba shi da sikeli, hannunsa na hagu shi ne sikelinsa. Ya ɗaga katifata ta soso da yatsu biyu.

"Wanga fa?"

"Katifa ce, Baba."

"Aure za ka yi can?"

Mutanen gidan suka kwashe da dariya, ni kuwa raina ya sosu, don ni mutum ne mai saurin hawa. Ya jefa ta gefe. Ya jefa tukunya ta biyu, da rediyo, da shaddata ta Juma'a, da takalmi sau ciki, da ƴar fitilar nan mai caji da rana da na saya da tsada. Ya ce kaya iri uku ne: wanda in babu shi ka mutu, wanda in babu shi babur ya mutu, da wanda in babu shi ranka ne kawai zai ɓaci. Na ukun nan shi ake bari a Agadas.

Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Bargo ɗaya, tabarmar roba, bash ɗin da za mu riƙa ɗaurawa mu yi inuwa, tukunya ƙarama, butar shayi, garin rogo, dabino, ƙuli-ƙuli. Na babur kuma famfo, kayan faci, robar cikin taya, buji biyu, wato filogi, da kile uku na kwance noti. Sai manyan jarkoki, bido biyu na mai da bido biyu na ruwa ga kowane babur, kowanne lita ashirin. Na ruwan an ɗinke su cikin buhun algarara don a riƙa jiƙawa su yi sanyi. Ya nuna mini yadda ake sa mai nauyi ƙasa kusa da inji, marar nauyi sama. Sannan ya kwantar da babur ɗin a ƙasa da lodinsa, ya ce in tada shi ni kaɗai. Da ƙyar na tada, jijiyar wuyana kamar ta tsinke. Ya ce babur ɗin da ba ka iya tadawa kai ɗaya ba naka ba ne, na hamada ne.

Saura abu ɗaya da na ɓoye bayan ƙofa, amma idon tsohon nan ba ya tsallake komai. Ɗan buhu ne na surfaffen gero, tiya shida.

Geron na Gwaggo Hajo ne, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni bayan rasuwar innata. Shaibu shi ne ɗanta namiji tilo, kuma shekara huɗu rabonsa da gida. Daga gonar mahaifinsa geron ya fito. Ita ta sussuka, ta surfa, ta wanke, ta shanya, duk da ciwon bayan da ke damunta. Ta ce wanda ya sha furar gonar ubansa ƙafarsa ba ta daɗewa a waje. Ta kama hannuna ta ɗora bisa buhun ta ce, "Amana, Lawali. A hannunsa za ka sa." To, a wajenmu wa ke ƙin saƙo, balle na matar da ta wanke maka kashi?

Na zayyana wa Baba Nomau duk wannan. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga buhun ya auna.

"Saƙon da ya wuce aljihu ba ya bi na," in ji shi. "Bar shi wurin mai gida, in an samu mota a sa."

Mai gidan kuwa ya riga ya faɗa mini motar mahaƙar sai a yi wata biyu ba a samu ba, kuma kayan da ba mai shi a kansa ba ya isa.

Bayan azahar Baba Nomau ya tafi kasuwa ƙaro dabino. Na ɗauki bido ɗaya daga cikin nawa na ruwa na zagaya bayan gida, na tuttule shi a gindin wata bedi, na kife shi a rana har ya bushe. Na yanke bakin gorar roba na yi mazurari, na ɗura geron. Tiya shidan nan ta cika shi daidai wuya, kamar don ita aka ƙera shi. Na murɗe murfi, na ɗaure shi a hagun babur ɗina, na yayyafa wa buhunsa ruwa.

Wallahi a lokacin ban ji na yi wani babban laifi ba, har daɗin dabarata na ji. Ni ɗan bakin tafki ne. A Madarumfa ruwa a ƙofar gida yake, cikinsa muka koyi tafiya, bisa gorar masunta muka yi wasa. A garinmu hatsi ake aunawa da tiya, ana kulle rumbu a kansa, ba wanda ya taɓa auna ruwa. Na lissafa bido uku, lita sittin, mutum biyu kacal. Na ce a raina tsohon nan tsoro ne ya yi masa yawa. Da asuba ya bi baburan yana ƙirga bidon ruwa da yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ce lissafin bido ɗaya yini ɗaya ne, na huɗu kuwa na ajiya ne, ba a taɓa shi sai ranar da abu ya ɓaci. Na yi maza na ce to a bar na haguna ya zama na ajiyar. Ya ce duk ɗaya ne.

A Arlit muka cika mai na ƙarshe. Mai sayarwar wani ne mai zaƙin baki, da jin harshenmu ya ce shi ma asalinsa Tibiri, ya shiga ƴan'uwana ƴan'uwana, har da rage mana dala goma a kowace lita. Baba Nomau ya shinshina man, ya ɗiga a tafin hannu ya ga ya bushe tas, ya yarda. Aka kira la'asar, Baba Nomau ya ce in tsaya a kan ɗurin har ya dawo daga salla, sannan ni ma in je. Ni kuwa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutumin ya ce bari ya kwance mini bido na ruwa ya sake mana da mai sanyi, na yi tsalle na je na tsaya jikin na hagun nan kamar mai gadin gawa. Ina can na ba shi baya, ban ga daga wace ganga ya ɗura sauran man ba.

Daga Arlit muka bar hanya muka yanki gabas maso arewa. Rezon waya ya ɗauke tun kafin gari ya ɓace mana. Ƙasa ta koma tsakuwa baƙa, shimfiɗe har inda ido ya ƙare, sai can ka hango dutse tsaye shi kaɗai. Bazara ce, iskar da ke dukan fuska kamar daga bakin murhu take fitowa. Idan rana ta take sai mu jera baburan, mu ɗaura bash tsakaninsu, mu kwanta a ƙarƙashi har ta karya. Da magariba Baba Nomau yakan bi wurin kwana yana ture duwatsu da ƙafa saboda kunama, ya hura ɗan gawayi, ya ɗora shayi. Ruwan alwala babu, taimama muke yi. Ruwan da aka ɗauraye tukunya da shi ma shanyewa ake yi.

Abin da ya fi damuna shirun ne. Babu kwaɗo, babu zakara, babu jaki, babu ko sauro. Na yi kewar gida irin wadda ban taɓa yi ba, har warin kifin banda na bakin tasha na yi kewa. Kullum da safe kuma, idan ya jiƙa buhunan nasa bido, ni ma sai in ɗebi rabin kofi daga ruwan shanmu in jiƙa na geron, don kada ya ga bambanci. Wannan rabin kofin ya fi komai ci mini rai yanzu.

Rana ta biyu muka iso rijiyar Buzaye. Bukka uku ce da ƴan awaki da raƙuma biyu. Baba Nomau ya tafi wajen mazan suna jan guga, yana cika bido biyun da muka shanye. Ni ina zaune jikin babur sai ga wata akuya ja ta zo ta kafa hanci a murfin bidon hagu. Na kore ta, ta dawo. Na jefe ta, ta zagayo ta ɗaya gefen tana lasar murfin. Mai ita wata dattijuwa ce mai baƙin lulluɓi, ta zo ta kama ta a ƙaho, amma ba ta tafi ba. Ta dubi bidon, ta dube ni, ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa shi. Ƙarar da ya yi ba ta ruwa ba ce.

"Akuyata ta ƙoshi da ruwa," ta ce da Hausarta ta Agadas. "Hatsi take so."

Na waiga wajen rijiyar.

"Mai tafiyar ya sani?"

Na girgiza kai. Ta tafi bukka ta dawo da cuku guda biyu ta sa mini a hannu. Ta ce yaranta sun yi wata ba su ga gero ba. In na ba ta shi, za ta cika mini bidon da ruwa da hannunta a bayan bukka, ta ƙara mini da salka guda, kuma tsohon ba zai ji daga bakinta ba.

Allah ya kawo mini mafita har inda nake zaune, na sa ƙafa na shure ta. Na tuna hannun Gwaggo bisa nawa, na ce mata amana ce, ba nawa ba ne balle in bayar. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ya sa rijiyar gaba tana da rai." Ta ja akuyarta ta tafi, ta bar mini cukun.

Tsakanin wannan rijiya da ta gaba yini biyu ne. Yinin farko ya wuce lafiya, sai dai abin da muka riƙa gani a hanya. Katifa ta soso da rana ta cinye, akwati a buɗe, takalmi ƙafa ɗaya. Can gaba ƙashin wani babur, yashi ya binne shi har tanki. Baba Nomau ya nuna katifar da haɓa ya ce, "Ga ƴar'uwar taka nan. Mai ita ya gane, amma a makare." Na yi dariyar yaƙe. Game da mai babur ɗin bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari da hantsi muka juye bido na biyu na man Arlit a tanki. Ba mu yi nisa ba babur ɗina ya fara tari, ya yi ta fizga, ya mutu. Kafin in sauka nasa ma ya mutu. Ya tsiyayi man a kwalba ya ɗaga ta a rana, muka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, ja, mai laka. Ɗan Tibirin ƙarya ya yi mana aiki. Na shiga zage-zage ina tsine masa, Baba Nomau ya ce in adana yawuna. Ya shimfiɗa rawaninsa, ya kwance karbirato biyu ya jera ƙananan ƙarafansu a kai, muka zauna muna tace mai kwalba bayan kwalba, muna jira ruwan ya kwanta mu tsiyaye na sama. Yini guda cur ya tafi a nan, bido na biyu ya tafi tare da shi.

Da yamma ya ga na yi jugum na kasa cin garin. Ya zaci asarar yinin ce ke damuna. Ya miƙo mini shayi ya ce, "Kada ka damu, ɗan Madarumfa. Saboda irin wagga rana ake ɗaukar na huɗu."

Na buɗe baki in faɗa masa. Na rantse na buɗe. A nan ko da na faɗa, da sauran bido ɗaya cikakke, kuma rijiyar Buzaye tana bayanmu yini ɗaya da ɗan abu, da mun juya mun isa. Amma na hango fuskarsa, na hango dariyar da za a yi mini daga Agadas har Gabi, sai na ji bakina yana tambayarsa ko rijiyar gaba tana da zurfi. Ya ce gaba goma sha biyu ce, kuma bai taɓa samunta a ƙafe ba. Na riƙe wannan maganar na kwanta da ita.

Mun iso ta da la'asar sakaliya a rana ta uku, bido na uku ya ƙare, sai ɗan abin da ke cikin gorarsa ta hannu. Tun daga nesa na ga babu sawun dabba ko ɗaya, babu kashin raƙumi sabo. Muka sauka muka matsa kusa. Gefe ɗaya na bakin rijiyar ya rufta ciki. Baba Nomau ya ɗaura tukunyarmu a igiya ya zura. Ba ta kai gaba shida ba muka ji ta dira bisa ƙasa. Ya jawo ta, yashi ne busasshe a ciki.

Bai girgiza ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin. Hanyar kamyo, manyan motocin kaya, yini ɗaya ce daga nan. Kwanto naka."

Na tsaya jikin igiyar robar ina jinkiri, shi ya zo ya kwance. Da ya sauke bidon na ga ya ɗan tsaya, hannunsa na hagu ya faɗa masa wani abu. Ya murɗe murfin, ya tara kofi, ya karkata. Geron Gwaggo ya zubo shaaa, fari tas, ya cika kofin ya fara zuba a ƙasa.

Ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya mayar da geron cikin bidon a hankali, har wanda ya zube ya tsince, ya murɗe murfin da kyau.

"Tun ina?"

"Tun Agadas, Baba."

"Jiya da muna tace mai, ka sani?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki kile ya fasa mini kai, da na ji sauƙi. Na durƙusa ina ba shi haƙuri ina kuka, ya ce in bar kukan, shi ma ruwa ne.

Kafin rana ta faɗi ya gama lissafinsa. Mu biyu bisa baburan da lodi, ba ruwa, yini guda cikin yashi mai laushi, ba za mu kai ba. Mu biyu bisa babur ɗaya, tayar baya za ta nutse. Sai dai mutum ɗaya, babu kaya, ya yi gudu, kuma ni ban san hanya ba. Ya tuɓe babur ɗinsa tsirara, ya cire ƙarfen ɗora kaya, ya cire madubai, ya bar bargo, ya bar butar shayin da ban taɓa ganin ya rabu da ita ba. Ya cika tanki da man da ya fi tsabta, ya rataya famfo da kayan faci, ya sa kile ɗaya a aljihu. Da gari ya fara wayewa ya ɗaga gorar, ruwan cikinta bai kai lita biyu ba. Ya kurɓa sau uku, ya jiƙa bakin rawaninsa, ya ajiye ta gabana.

Na ce wallahi ba zan karɓa ba, ni na jawo, ni ya kamata in zauna ba ruwa.

"Ba alheri na yi maka ba, lissafi ne," in ji shi. "Ni kafin magariba ina bakin hanya. Kai sai ka yi kwana biyu kafin a zo. Tona rami ƙarƙashin bash ka kwanta. Kada ka ci gari, kada ka tauna geron ga, kada ka yi tafiya ko ka ji ana kiranka. Murfi biyu duk lokacin salla."

Ya tada babur ya tafi. Na bi ƙararsa da kunne har ta ɓace.

Kwana biyun nan ba zan iya ba da labarinsu daki-daki ba. Harshena ya kumbura ya cika baki, fitsari ya ɗauke. Na riƙa ganin tafki a gabana da masunta bisa gorunansu, har na ji Gwaggo tana kirana in zo in sha fura, na tuna abin da ya ce na danne kaina a ramin. Bidon yana nan kusa da kaina, cike. Na shure shi, na zage shi, sau ɗaya na buɗe don in watsar da shi, na kasa. Tsoron mutuwa na ji, ba kaɗan ba, amma wanda ya fi shi shi ne tsoron a tashe ni a tambaye ni Nomau.

A hantsin rana ta uku mota ta zo. Direban wani Batube ne mai Hausa kaɗan-kaɗan. Ya hana ni kafa kai, ya riƙa ɗiga mini ruwa da cokali. Da na iya magana na ce ina Baba. Ya ciro wani yankin kwali daga aljihu ya nuna mini, an zana duwatsu uku da rijiya da kibiya. Ya ce jiya da rana suka tsinci tsohon a bakin hanya yana rarrafe. Tayarsa ta fashe a kan duwatsu fiye da yadda faci zai kama, ya bar babur ɗin ya ƙarasa da ƙafa. Sun ba shi ruwa, cikinsa ya ƙi riƙewa. Ya yi zanen nan, ya ce akwai mutum ɗaya da bido ɗaya, a ɗauko su duka, bidon amanar wata tsohuwa ce. Kafin la'asar ya cika. Sun yi masa salla su huɗu, sun rufe shi da duwatsu.

Da aka kai ni mahaƙar na sa wa Shaibu geron a hannu, kamar yadda aka ce. Na faɗa masa komai a bakin ramin da suke haƙa. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Washegari ya ari turmi wurin wasu mutanen Dakoro, aka daka geron duka aka yi gumba, aka raba sadaka da sunan Baba Nomau. Ko tsaba ɗaya Shaibu bai kai bakinsa ba, kuma bai biyo ni gida ba. Ya roƙe ni kada innarsa ta ji.

Wata biyu na yi a mahaƙar, na kasa. Kafin damina na ɗora babur bisa kamyo na dawo. Kayan Baba Nomau da muka kwaso daga bakin rijiyar, bargo da butar shayi da kile biyu, duka a hannu ɗaya na riƙe su na shiga Gabi. Labari ya riga ni isa, rijiya ta rufta, ƙishirwa ta kashe Nomau. Mazan da ke zaure suka yi mini sannu, suka ce ƙaddara ce, har wani ya ce Allah ya saka mini da na kawo kayan. Aka shigar da ni wurin matarsa, Inna Rabi, tana cikin takaba. Ta karɓi bargon ta ɗora bisa cinya, ta yi ta shafa shi.

"Ɗana, abu ɗaya ke hana ni sukuni," ta ce. "Malam ko gona za shi sai ya ɗauki ruwan da ya fi buƙatarsa. Shekara goma yana faɗa mini yana tafiya da na yini guda na ajiya. Ƙaƙa aka yi wannan karon ya yi kuskure?"

Da na ce ƙaddara, da ta karɓa, don kowa ya riga ya faɗa. Amma mutumin ya bar mini ruwansa, ban iya ƙwace masa sunansa kuma ba.

"Bai yi kuskure ba, Inna," na ce. "Huɗu ya ƙirga. Ni na zubar da na huɗun na sa gero."

Na faɗa mata duka, har da Buzuwar, har da ranar tace mai. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka ba. Da na gama ta tambaye ni geron na wane ne, na ce na Gwaggo Hajo ne ta Madarumfa, zuwa ga ɗanta. Ta ce ya isa hannunsa? Na ce ya isa. Ta miƙe da bargon ta shiga ɗaki, ta saki labule. Daga ciki na ji muryarta, ba ta ɗaga ta ba.

"Ka gaida Hajo. Ka ce mata matar Nomau ta ce saƙonta ya isa."

Daga Gabi zuwa Madarumfa ba wata tafiya ba ce, kafin magariba ina gida. Yau shekara biyu ke nan. Kullum da safe ina shiga gaida Gwaggo, ta tambaye ni ko Shaibu ya ji daɗin furar, in ce ya ji. Gaisuwar Inna Rabi tana nan wurina, ban isar ba.